Tambaya da Amsa: Ziyarar Zumunci Zuwa Sansanin Minawao

TAMBAYA: Ni ce shugabar Zumuntar Mata a wata ikilisiyar EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) da ke Yola. Mun tara baiko na musamman domin mu ziyarci 'yan'uwanmu da yaransu da ke gudun hijira a Minawao, ƙasar Kamaru. Wasu sun ce mu sayi tufafi da alewa mu tafi da yawa, wasu kuma sun ce kuɗin motar ma zai fi amfani idan aka aika da shi. Wace shawara za ku ba mu?

AMSA: Mama, Ubangiji ya albarkaci wannan niyya. Shawararmu ita ce ku tafi, amma ku tafi kaɗan, kuma ku bar ikilisiyar da ke can ta tsara muku ziyarar.

An buɗe sansanin Minawao a shekarar 2013 kusa da garin Mokolo, a yankin Arewa Mai Nisa, domin mutanen da rikicin Boko Haram ya koro daga jihar Borno, musamman daga Gwoza da ƙauyukan duwatsun Mandara. Da yawa daga cikinsu 'yan EYN ne, kuma tun da suka sauka suka kafa wuraren sujada, suka zaɓi dattawa, suka ci gaba da makarantar Lahadi. Ke nan ba wurin da bishara ba ta kai ba za ku je, wurin ikilisiya 'yar'uwa za ku je, wadda ta fi ku sanin gwauruwar da ba ta da hatsi da yaron da ya daina zuwa makaranta saboda rashin littafin rubutu. Ku rubuta wa fastocinsu ta hannun hedkwatar EYN da ke Kwarhi, ku tambaye su abin da suke bukata tun kafin ku sayi ko da allura.

Batun yaran ne ya fi neman natsuwa. Da yawa daga cikinsu a sansanin aka haife su, ba su taɓa ganin garin iyayensu ba, kuma sun saba ganin baƙi sun zo da mota, sun raba alewa, sun ɗauki hoto, sun tafi. Rabon kaya a fili yakan jawo turereniya, ƙarfafa su samu, ƙanana su koma da kuka. Ku miƙa kayan ga malaman makarantar Lahadi su raba bayan kun tafi, kada kuma ku ware 'ya'yan Kirista, domin sansanin ya haɗa Musulmi da Kirista. Kada a ɗauki hoton yaro sai da yardar iyayensa, kada kuma a matsa masa ya ba da labarin abin da ya sami danginsa.

Masu maganar kuɗin mota suna da gaskiya. Mata uku ko huɗu tare da fasto sun isa, sauran kuɗin a canza shi zuwa sefa a sayi hatsi da sabulu a kasuwar Mokolo, wanda zai rage muku wahalar kwastan a kan iyaka.

Gwamnatin Kamaru da hukumar UNHCR, mai kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ne ke kula da sansanin, saboda haka sai an nemi izinin shiga tun da wuri. Kowace mai tafiya ta riƙe fasfo da katin allurar rigakafin cutar shawara. Ku guji damina saboda lalacewar hanya, sannan ku tambayi masu masaukinku halin tsaro a makon da za ku tashi, domin har yanzu akan kai hari a ƙauyukan kan iyaka.