Talaka, Magajiya da ƙwaryar da ta bi akushi

Tambayoyi sun taru wannan makon, sai na tsinci guda uku da na ga duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su.

Wani ɗalibi daga Zariya ya ce gardama suka yi da abokinsa a wajen mai shayi, wai abokin ya ce attajiri ma talaka ne, shi kuma ya ce ina, ai talaka shi ne wanda ba shi da ko sisi.

To ɗana, ka biya kuɗin shayin kawai, abokinka ya fi ka gaskiya. A tsohuwar Hausa kishiyar talaka shi ne basarake. Duk wanda ba ya riƙe da sarauta kuma ba jinin gidan ba ne, to talakan sarki ne, ko da kuwa fataucin goro yake daga Gwanja da jakai ɗari. Shi ya sa har gobe za ka ji dattijo mai gidan sama ya durƙusa a fada yana cewa "ranka ya daɗe, mu talakawanka ne", ba wai kukan babu yake ba. Wanda ba shi da shi kuwa akwai sunayensa, matalauci, fakiri, miskini, biyun ƙarshen daga Larabci muka aro. Sannu a hankali ma'anonin suka cakuɗe saboda galibi wanda ba shi da iko shi ne dai ba shi da kuɗin, haraji a kansa, jangali a kansa, aikin gayya a gandun sarki a kansa. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, su Malam Aminu Kano suka ɗauki kalmar talakawa suka mai da ita tuta, kuma in ka lura da ma'anar farko suke nufi, wato waɗanda ake mulka. Yarbawa ma sun ari kalmar daga wajenmu, amma su a ma'anar mai babu suka tsaya.

Sai wata 'yar'uwa daga Maraɗi, ta ce Malam me ya sa in an ce wa namiji Magaji sai ya ji daɗi, amma in an ce wa mace Magajiya a wasu wurare sai ta ɓata rai, alhali kalma ɗaya ce?

Hajiya kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Tushensu ɗaya, gada, magaji mai gado, magajiya mai gado. Kuma Magajiya sarauta ce babba ta mata, ki duba Daura, tarihin baka ya ce mata ne suka yi ta mulki kafin zuwan Bayajida, ta ƙarshensu ita ce Magajiya Daurama. A masarautun Haɓe akwai Iya, akwai Magajiya, a Gobir akwai Inna wadda al'amuran bori da na mata ke hannunta, kuma ku a Maraɗi da Tsibiri kun fi mu na wannan ɓangaren sanin haka dan can ne sarautun Haɓe suka koma bayan jihadin 1804. A masarautun da suka shiga ƙarƙashin Sakkwato sarautun mata suka yi ta ja da baya, sunan ya sauko daga fada ya faɗa bariki, har ya zama in an ce magajiya sai tunani ya tafi kan shugabar mata masu zaman kansu. Magaji kuwa yana nan da rawaninsa, Magajin Gari a Sakkwato, Magajin Rafi, ba wanda ya taɓa shi.

Kuma tunda mun shigo nan bari in gyara wani kuskure da nake yawan gani a fassarar labarai. Sarauniya a Hausa ba matar sarki ba ce. Matar sarki sunanta matar sarki. Sarauniya ita ke riƙe da abin da kanta, kamar Amina ta Zazzau, ko Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tsaya wa ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine a 1899. Turanci ne ya haɗa su biyun a kalma ɗaya, shi ya sa in mai fassara ya ce wa matar Sarkin Ingila sarauniya sai kunnen Bahaushe ya ɗan yi tuntuɓe. Barebari kuwa suna da Magira, uwar Mai, wato sarkinsu, mai faɗa a ji. Mutanenmu na zangon Kumasi za su ba ki labarin Asantawa, inda gadon sarauta ta wajen uwa yake bi, Asantehema, wato sarauniyarsu, ce ke nuna wanda za a ɗora a kujera, kuma Yaa Asantewa ta Ejisu ce ta ja yaƙi da Ingilishi a 1900. Mu kuwa in mace ta yi irin wannan sai mu ce kallabi tsakanin rawuna, ko mace mai kamar maza kwari ne babu. Yabo ne fa, amma ki saurara da kyau, sai da aka auna ta da namiji tukuna aka yaba mata, kuma a ƙarshe ma aka tuna mata ba ta da kwari.

Ta ukun wani bawan Allah ne bai faɗi garinsu ba, ya ce ya je neman aure aka ce masa ƙwarya ta bi ƙwarya, me ake nufi?

Allah sarki. Cikon maganar shi ne in ta bi akushi sai ta fashe. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin akushi ba, kwano ne na itace, baƙi, mai nauyi, a ciki ake zuba wa maigida tuwo. Ina tuna na kakanmu, in an wanke sai a kife shi shi kaɗai can gefe, ba a haɗa shi da ƙoren mata a kwando ɗaya, dan in ya gogi ƙwarya sai dai a jira gyartai ya zo ya ɗinke ta. To abin da aka gaya maka a sakaye shi ne kai da yarinyar ba ajinku ɗaya ba. Ko dai kuɗi, ko asali, kuma na fi zargin asali dan shi ne ba a iya faɗa ƙiri-ƙiri.

A da sana'a gado ce, maƙera, mahauta, majema, masaƙa, wanzamai, maroƙa, kowa da unguwarsa da sarkinsa, Sarkin Pawa, Sarkin Maƙera, Sarkin Aska. Sana'ar da ka gada ana ce mata karda, wadda ka shiga da rana tsaka kuma shigege, wani Bature mai bincike M. G. Smith da ya zauna a ƙasar Zazzau ya rubuta wannan bambanci. Daga nan kake jin kyan ɗa ya gaji ubansa, da barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kuma sana'o'in ba darajarsu ɗaya ba a idon mutane, mahauci zai iya fin malamin unguwa kuɗi nesa ba kusa ba amma ya nemi 'yarsa a yi ta ja masa rai. Duk da haka namu da sauƙi in ka kwatanta da na Abzinawa, inda akwai imajeghen masu asali, ineslemen malamai, inadan maƙera da galibi junansu suke aura, sai iklan bayi. Kalmar Buzu ma da muke yaɓa wa kowane mai rawani asalinta na ajin bayin ne, shi ya sa wani Ba'abzine in ka ce masa Buzu zai haɗe rai. Abin sha'awa kuma a wajensu namiji ke rufe fuska, tanti kuwa na mace ne, in aure ya mutu shi ke tattara nasa ya bar mata.

Ni dai a ganina karin maganar nan an fi jifan mai ƙaramin ƙarfi da ita, ban taɓa jin an hana basarake auren 'yar talaka da sunan ƙwarya ba, a nan sai ka ji an ce yarinya ta yi goshi. Ka samu dattijo ɗaya a danginku da suke jin nauyinsa ya koma ya tambaya a fili, wane ne ƙwaryar wane ne akushin, sau da yawa in aka nemi a faɗa da baki sai ka ga an fara kame-kame.