Jinya a gida: aikin ma'aikatan jin daɗin marasa lafiya

Tambaya: Likita, mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki, an sallame mu daga asibiti. Ko juyawa ba ya iyawa da kansa, ga yara, kuma ni kaɗai nake jinyarsa. Ina zan sa kaina?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri. Ki koma asibitin ki tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya, wanda aka fi sani da soshiyal walfiya. Manyan asibitoci irin na koyarwa na Aminu Kano da na Shika suna da shi. Ma'aikatansa ba sa allura, ba sa rubuta magani. Zama suke yi da iyali su ji halin gida: wa ke ba shi abinci, bayan gida na da nisa da ɗakinsa, wa zai riƙa kai shi gashin ƙashi? Sau da yawa su ne ke tara 'yan'uwa maza a raba kwana da kuɗin magani, abin da ƙanwa ke jin nauyin faɗa wa yayyenta. Ni a wajena wannan zaman ya kai magani muhimmanci, domin mai jinya idan ta gaji ita ma kwanciya take yi. Kafin nan, a riƙa juya shi duk bayan awa 2, a duba ƙugu da diddige. Idan fata ta yi ja ba ta washe ba, gyambon kwanciya ne ke tafe, a nuna wa likita da wuri.

Tambaya: Ƙanena mai tarin fuka ya daina shan magani saboda surutun maƙwabta. Yaya za mu yi?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ku bari ya ƙara kwana a haka. Maganin wata 6 ne, kyauta a cibiyoyin gwamnati, kuma yanke shi kan sa cutar ta bijire wa magani. Ku mayar da shi cibiyar. Ma'aikacin jin daɗi zai lallashe shi, ya wayar da kan mutanen gida, ya riƙa bibiyarsa.

Tambaya: Gaskiya ne ma'aikatan jin daɗi suna biya wa talaka kuɗin asibiti?

Amsa: Ba daga aljihunsu ba, Malam. Suna bincikar halin mutum, su nemar masa sassauci daga asibiti, ko su haɗa shi da hukumar zakka, inshorar lafiya ko masu hannu da shuni. Ka je da katin asibiti da takardar magani.