Ɗiyata, mudun da ke hannunki fa?

Salama, ɗiyata. Na ga tambayarki tun shekaranjiya, 'yan'uwa kuma sun ba ki ayoyi masu daɗi, amma tun da sana'armu ɗaya bari ni ma in tofa albarkacin bakina. Kin ce ranar Lahadi in ana waƙa a majami'a har hawaye kike yi, amma da Litinin ta yi kika kwance bakin buhu kika fara awo, sai ki ji kamar kin baro Allah can a bencin coci. Kin ce addu'ar safe ma ta gagare ki saboda sammako, har kina tunanin ko ki bar sana'ar.

Kada ki bari. Shekarata 26 ina awon masara da wake a Saminaka, kuma abin da ke damunki ya dame ni, sai dai ni nawa ya fi muni, don ban ma san ina da ciwon ba.

Matar da ta koya mini awo, Allah ya jiƙanta, mudu biyu gare ta. Ɗaya na saye daga hannun manoma, an ɗan buɗa masa baki. Ɗaya na sayarwa, an kifa shi an ɗan bubbuge gindinsa da taɓarya ya shiga ciki. In ba kin sa yatsa kin shafa ba, ba za ki gane ba. Ba wanda ke kiran wannan sata, dabarar kasuwa ake ce masa. Haka na gada, haka na yi shekaru ina yi. A lokacin nan fa ina Zumuntar Mata, ni ce mai buga tulu, zakkata ba ta fashi, baikon godiyar kaka kuwa nawa yana cikin na gaba-gaba.

Wata Laraba a taron addu'a wani dattijonmu ya karanta Amos sura 8. Ba wa'azi ya yi ba, karatu kawai. Annabin yana magana da 'yan hatsi irinmu, masu ƙosawa ranar hutu ta wuce su buɗe rumbu, su rage mudu, su ƙara kuɗi, su sayar har da sharar alkama. Abin da ya soke ni shi ne mutanen nan ba su ƙi ibada ba. Suna kiyaye ranar, kasuwarsu a rufe, zuciyarsu ce ke can gindin buhu. Na zauna kamar an zazzage kwandona a tsakiyar jama'a.

Ba zan yi miki ƙarya in ce a daren na tuba ba. Wata uku na yi ina ciniki da Allah. Na ƙara baiko, na ƙara gyara ga wanda na ga dama, duk don kada in rabu da mudun nan. Ranar da na gaji da kaina, sai na kawo shi gida na zuba wa kaji ruwa a ciki. Ya daɗe a tsakar gidana har ya yi tsatsa ya huje, kullum in na fito wanke fuska ina ganinsa.

Kuma kada wani ya ce miki daga ranar arziki ya buɗe. Ribata raguwa ta yi, a kowane buhu na ji a jikina. Masu ƙosai da masu koko ne suka fara lura, don su kullum suke awo, sun san iyakar inda wakensu ke kaiwa a roba. Sannu a hankali suka manne mini. Ko da ba su manne ba, abin da na samu ya ishe ni: na iya yin addu'a a rumfa ba tare da kunya ba. Ashe abin da ya sa nake jin Allah ya tsaya a coci, ni ce ba na son ya biyo ni kasuwa. Ban ce haka naki yake ba, ɗiyata. Amma ki bincika. Wataƙila ba mudu ba ne, wataƙila tsohon wake ne ake rufawa da sabo a sama, ko wanda aka barbaɗa wa maganin ƙwari aka fito da shi kafin lokaci. Ni tun da na koma buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS na daina sa wa wake magani, na kuma daina fargabar abin da yaran mutane za su ci.

Sai kuma na faɗa ɗaya ramin, kuma a nan ne maganar hikima ta shigo. Na ɗauka mai bi ba ya hana bashi. Kowa ya zo da "Mama, ai mu ɗaya ne cikin Ubangiji", sai in auna. Littafin bashina ya cika, jari ya kusa karyewa, wasu kuma suka fara sauya benci ranar Lahadi don kada mu haɗa ido. Kin ga na rasa kuɗina, na kuma kori mutane daga zumunci. Matar fastonmu ta wancan lokacin ce ta zaunar da ni ta buɗe mini Karin Magana 22:26-27, inda aka gargaɗi mai tsaya wa bashin wani kada a janye gado daga ƙarƙashinsa. Ta ce, "Mama, ki raba kyauta da bashi." Tun daga nan kowane buhu na buɗe nakan cire kwano guda in ajiye gefe. Wannan na gwauraye ne da marayu, kamar kalar da aka umarci Isra'ila su bari a gona, irin wadda Rut ta tsinta a gonar Bo'aza. In ya ƙare ya ƙare. Mai albashi kuwa da ke son in jira shi har watan gobe, nakan ce masa a'a da fara'a, kuma ban taɓa jin na yi zunubi ba.

Farkon 2023 da takardun naira suka ɓace, wannan ƙa'idar tawa ma sai da ta tanƙwara. Mutum da kuɗinsa a banki, ga yunwa a gida. A makonnin nan babu ayar da na riƙe kamar Yakubu 1:5, wanda ya rasa hikima ya roƙa. Mutum yana tsaye gabana, hannuna cikin masara, a zuci nake cewa, "Ubangiji, wannan in ba shi ko kada in ba shi?" Wani lokacin na yi daidai, wani lokacin an cinye ni.

Batun addu'ar safe, kada ki ɗora wa kanki ta matar da ba ta fita. Littafin Karin Magana surori 31 gare shi, kowace rana ta wata da tata. Ki karanta ta ranar a mota, ko bayan kin shimfiɗa kaya kafin masu saye su taso. In aya ɗaya ta kama ki, ki rubuta ta a bangon littafin bashi, inda dole ki gan ta. Luka 6:38 tana bangon nawa, mudu a cike, a danne, a girgije, har yana zuba. Taron tsakiyar mako kuma ki lallaɓa ki riƙa zuwa ko sau biyu a wata, don da ban je waccan Larabar ba, da har yau ina buga tulu da bugaggen mudu.

Maƙwabciyata a rumfa Hajiya ce. In ta tafi sallar azahar ni ke tsare mata kaya, in ina da taron Zumunta ita ke tsare nawa. Ita ta gaya mini su ma a Alƙur'ani akwai sura guda a kan masu tauye mudu. Da na sayi sabon mudu, da nata muka gwada shi. Ke ma gobe ki ari na wadda kika yarda da ita a layinku, ki auna, ki juye a naki, sai ki dawo ki gaya mini abin da kika gani. Ki gaida mai gidan da yara.