Amsa kan rage adadin maganin zaburar da garkuwar jiki ga mai cutar melanoma, wani nau'in kansar fata

Assalamu alaikum 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce melanomar da ta fito masa a tafin ƙafa ta kai huhu, likitansa yana son haɗa masa nivolumab da ipilimumab amma zai rage na biyun, kuma kina tsoron kada ragewar ta rage masa damar samun sauƙi. Ina aikin jinya a sashen masu cutar kansa, kuma abin da na gani shi ne, a irin wannan magani yawa ba shi ne ƙarfi ba.

Waɗannan magunguna ba su kashe ƙwayoyin kansa da kansu, suna sakin garkuwar jiki ne ta yi aikin, kuma idan aka sake ta fiye da kima takan juya kan hanji, hanta, fata da thyroid (sashen wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo). Ipilimumab ne ya fi jawo wannan. Tsarin farko shi ne miligiram 3 na ipilimumab da 1 na nivolumab ga kowane kilo na nauyin jiki, sau huɗu, duk bayan mako uku. Gwajin CheckMate 511, wanda aka wallafa a 2019, ya juya lissafin, wato 1 na ipilimumab da 3 na nivolumab, ya gwada shi da tsarin farko a kan marasa lafiya 360, sai munanan illoli suka sauka daga kashi 48 cikin ɗari zuwa 34, alhali yawan waɗanda ciwonsu ya ja baya bai bambanta sosai ba. Gaskiyar magana dai, an tsara gwajin ne domin auna illa, ba domin tabbatar da cewa amfaninsu ɗaya ba ne, amma likitoci da yawa sun gamsu da shi, musamman ga dattawa.

Abin da iyalai ba su cika lura da shi ba shi ne wanda gudawa ta kwantar tun allura ta biyu, yana shiga bayan gida sau takwas a yini, an ɗora shi kan prednisolone mai yawa, maganin da ke kwantar da garkuwar jiki, suga ya hau, barci ya ƙaura. Irin wannan majinyaci bai ma kammala allurorin huɗu ba, don haka ban ga abin da babban adadin ya ƙara masa ba.

Sai dai ki bambanta abubuwa biyu. Farawa da ƙaramin adadi zaɓi ne da ake yi tun farko. Amma idan illa ta bayyana bayan an fara, ba a rage adadin kamar yadda ake yi da sauran magungunan kansa, ana dakatar da shi ne ko a daina gaba ɗaya, kuma da dama cikin waɗanda aka dakatar musu sun ci gaba da amfana, domin garkuwar da aka tasa ba ta kwanciya nan take.

Ki tambayi likitan ko an yi wa Baba hoton ƙwaƙwalwa, domin idan cutar ta kai can, hujjar da ta fi ƙarfi tana tare da tsarin farko. Ki kuma tambaye shi me yake tsammani game da nau'in tafin ƙafa, wanda shi ne ya fi kama baƙar fata, kuma yawanci bai kai na masu hasken fata karɓar wannan magani ba. Idan an fara, duk ranar da bayan gidan Baba ya ƙaru da sau huɗu a yini a kan yadda ya saba, ko kika ga jini, ku kira asibiti a ranar, kada a tsaya ga maganin gudawa na kemis.