Targaɗen wuyan hannu da ciwon gindin babban yatsa: wane matallafi ya dace?

Sannu da jiki 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce kin zame kin faɗi, kika tare ƙasa da tafin hannu, wuyan hannun ya kumbura, ciwon kuma ya fi tsanani a gindin babban yatsa, musamman idan za ki murɗa murfin kwalba ko ki juya makulli. Kina tambayar wane abin ɗaurewa za ki saya, tunda bandejin robar da kika naɗa bai tsinana komai ba.

Wanda ya dace da ke shi ne dogon matallafi mai riƙe wuyan hannu da babban yatsa tare, wanda masu sayar da kayan asibiti ke kira sifaika. Amma kafin ki fita saye, ga abin da nake so ki gwada yanzu.

Buɗe tafin hannun, ki ware babban yatsan gefe iya yadda za ki iya. Za ki ga wani ɗan rami ya fito tsakanin jijiyoyi, daidai inda yatsan ya haɗu da wuyan hannu ta baya. Danna can, sannan ki danna wurin a lafiyayyen hannun don ki kwatanta, saboda kowa yakan ji ɗan zafi a nan. Idan na mai ciwon ya sa kin janye hannu da sauri, to asibiti za ki fara zuwa a ɗauki hoton ƙashi, sayayya ta biyo baya. A ƙarƙashin wannan ramin akwai ƙashin da ake kira sikafoid, ɗaya daga cikin ƙananan ƙasusuwa 8 na wuyan hannu. Shi ya fi dukkansu yawan karyewa, kuma irin faɗuwarki ce ke karya shi. Abin takaici, karayarsa ba ta kama da karaya. Hannu ba ya lanƙwashewa, yatsu suna motsi, kumburin ma ba wani mai yawa ba ne, sai mutum ya ɗauka targaɗe ne kawai. Sau da yawa hoton farko ba ya nuna tsagewar, shi ya sa likita kan ɗaure hannun kamar an tabbatar da karayar, ya ce a dawo bayan kwana 10 zuwa 14 a sake hoto, ko ya tura ki hoton MRI, wani hoton na'ura da kan nuna tsagewar da hoton ƙashi bai nuna ba. Idan aka ce miki haka, kada ki ɗauka jan rai ne. Jini yana shiga wannan ƙashin ne ta ɓangaren da ke kusa da yatsu, ya gangaro baya. Idan ya tsage a tsakiya, guntun baya na iya rasa jini, ƙashin ya ƙi haɗewa, bayan shekaru kuma gaɓar ta lalace.

Na dage a kan wannan ne saboda ƙanena. Ya faɗi a wajen ƙwallo, ya sayi matallafi mai kyau, ciwo ya lafa, ya ci gaba da harkokinsa. Bayan watanni ya ga ba ya iya dafa ƙasa da hannun idan zai tashi. Da aka yi hoto, ashe tun farko karaya ce, sai da aka yi masa tiyata aka ɗaure ƙashin da ƙusa. Kyan matallafin ne ya ɓoye masa ciwon.

Akwai rauni na biyu da bai kamata a bar wa matallafi shi kaɗai ba. Idan lokacin faɗuwar babban yatsan ya tanƙware waje, kuma zafin yana gaɓarsa ta tsakiya, ta gefen da ke kallon manuniya, ki gwada matse takarda tsakanin yatsun biyu wani ya ja. Idan tana zarewa ba ƙarfi, ko kina jin yatsan yana lilo, wataƙila jijiyar da ke riƙe gaɓar ce ta yage. Wadda ta ɗan yage takan warke da ɗauri. Wadda ta tsinke gaba ɗaya sau da yawa sai an ɗinke, kuma aikin ya fi kyau a makonnin farko.

To, a ce an duba, targaɗe ne. Abubuwan da za a baje miki kusan iri huɗu ne, kuma a jikin kwali duk kamarsu ɗaya. Na roba zalla, wanda ake zura hannu a ciki, matsewa da ɗumama wurin kawai yake yi, ba ya hana gaɓa motsi, don haka ɗan'uwan bandejinki ne. Sai mai ƙarfe ta gefen tafi, mai huda wadda babban yatsa ke leƙowa ta ciki. Shi aka fi miƙo wa duk wanda ya ce ya yi targaɗe, kuma yana amfani ga wanda ciwonsa na tsakiyar wuyan hannu ne. Ke kam ba zai ishe ki ba. Ya bar yatsan a sake, ga shi bakin hudar kan goga daidai inda ke ciwo. Akwai kuma gajeren sifaika da ke tsayawa a wuyan hannu, na masu ciwon gaɓar gindin yatsa ne irin na manyanta, ko raunin gaɓar tsakiya kaɗai. Dogon shi ne naki, dalili kuwa a bayyane yake: tsokokin da ke ɗaga babban yatsa ba a yatsan suke ba, suna can sama tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, jijiyoyinsu ne ke ratsowa ta kan wuyan hannun. Duk wanda kika motsa cikin biyun, kin ja wurin ciwon.

Ni na sa mai ƙarfen tafi lokacin da na yi targaɗe, na kuma sa dogon sifaika bayan haihuwa, lokacin da ɗaukar jariri ya jawo min kumburin kuben jijiyoyin yatsa, ciwon da ake jingina wa Fritz de Quervain, likitan Suwizalan da ya bayyana shi a 1895. Abin da na gani a lokutan biyu shi ne, yadda abin ya zauna a hannu ya fi sunan kamfaninsa muhimmanci nesa ba kusa ba.

Ki fara da duba ko na dama ne ko na hagu. Akwai waɗanda aka yi don hannu biyu, amma a ganina ba sa kwanciya kamar na hannu ɗaya. Auna kewayen wuyan hannunki da tef ɗin awo ki gwada da lambobin da ke jikin kwali, don matsakaicin wannan kamfani ƙaramin wancan ne. Idan awonki ya faɗa tsakanin girma biyu kuma hannun na kumbure, ɗauki babban, amma ki tabbata madaurinsa zai ƙara tsukewa idan kumburi ya saɓe. Gara mai madauri uku ko fiye, har da na yatsa daban, wanda ke buɗewa gaba ɗaya ki kwantar da hannu a ciki. Wanda sai an cusa hannu ta ƙarfi azaba ne a kwanakin farko. Tsawonsa ya kai kamar kashi biyu cikin uku na tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu. Gajere ba ya riƙewa, sai dai ya danna.

Idan kin sa, hannun ya kasance kamar kin riƙe kofi: wuyan hannu ya ɗan ɗago baya kaɗan, babban yatsa yana fuskantar manuniya, kan yatsun biyu suna iya taɓa juna. Gaɓar ƙarshe ta babban yatsan, wadda ke kusa da farce, ta zama a waje tana lanƙwasuwa, sai fa idan likita ya ce a rufe ta. Ta gefen tafi kuma kada ya haura layin nan da ke ƙarƙashin yatsu huɗu. Idan ya haura, ba za ki iya dunƙule hannu ba, yatsun da ba ruwansu su sandare a banza. Abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba shi ne, ƙarfen ciki yawanci alminiyom ne mai laushi, ana zaro shi a lanƙwasa a bakin tebur har ya bi siffar hannunki. Wasu suna zuwa da lanƙwasar da ta yi yawa, ta ɗaga hannu baya fiye da kima. Idan kina da hanyar ganin likitan gashin ƙashi, ki kai masa ya daidaita miki, aikin 'yan mintuna ne.

Batun matsewa: yatsa ɗaya ya iya shiga ƙarƙashin kowane madauri. Danna farcenki har ya yi fari ki saki, jan ya dawo cikin daƙiƙa 2. Wata jijiyar ji tana bi ta gefen babban yatsa dab da fata, don haka idan bayan yatsan ya fara mutuwa ko kina jin kamar ana tsira miki allura, ƙarfen gefe ko madauri ne ke danne ta. Sassauta, ko ki gyara lanƙwasar. Yatsu su yi sanyi, su canza launi, ko kumburi ya taru a gaban ɗaurin, duk alamar ya matse ne. Ki cire zobe da awarwaro tun yau.

Yadin ma abin dubawa ne. Mai kauri irin na roba yana tara zufa, wasu kuma yana sa musu ƙaiƙayi da ƙuraje. Na fi son mai ƙananan huji da iska ke shiga, da siririn yadin auduga a ƙarƙashi wanda zan riƙa canzawa. Zaro ƙarafan kafin ki wanke shi, ki bar shi ya bushe sarai.

A kwana 2 zuwa 3 na farko, ki riƙa ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma na minti 15 zuwa 20, ki ɗora hannun a kan matashi ya fi ƙirjinki tudu. Yatsu huɗun nan, da gwiwar hannu da kafaɗa, ki yi ta motsa su. Idan har ana jiran hoto na biyu, matallafin ya zauna dare da rana. Idan an tabbatar ba karaya, ƙaramin targaɗe yakan buƙaci mako 1 zuwa 2 na ɗauri, mai tsanani kuma zai iya kai mako 6. Wuce haka ba tare da umarnin likita ba yana sandarar da gaɓa ya raunana tsoka. Kada ki yar da shi rana ɗaya: fara cirewa lokacin da kike zaune ba aiki, kina juya hannun a hankali iya inda ba zafi, ki bar shi don barci da aiki mai nauyi har zuwa ƙarshe. Tuƙi da dogon sifaika ban ba ki shawara ba, riƙon sitiyari ba ya yin ƙarfi.

Idan mako 2 ya cika ciwon bai ragu ba, ko wuyan hannun yana ƙas tare da zafi idan kin juya shi, ko abu yana suɓuce miki, ki koma wurin likitan ƙashi. Ki tafi da matallafin da hoton farko, ki nuna masa da yatsa daidai inda ke ciwo, ki kuma gwada masa yadda hannun ya sauka a ƙasa lokacin da kika faɗi.