Yadi Nawa Zan Yanka? Amsoshin Masu Son Ɗinkin Indiya

Tambaya: Ina son ɗaura sari a bikin ƙanwata. Turmin atamfa ɗaya zai isa? Daga Zariya.

Amsa: Tsawon kam ya isa, don sari yadi 6 ne, wato mita 5.5. Sai dai atamfa ta cika kauri, tattarar gaba ba za ta kwanta ba. Nemi shifon ko wani yadi mai laushi, ki ƙara mita 1 na 'yar riga da mita 2.5 na fatari.

Tambaya: Amarya ce ni, kuɗina ba yawa. Ina son salwar kamiz, amma ina tsoron yadin ya gaza a hannun tela. Daga Kano.

Amsa: Kwantar da hankalinki, 'yata, wannan ɗinki ba mai cin yadi ba ne sosai. Mace matsakaiciya mita 2.5 na riga ya ishe ta, 2.5 na wando, sai 2.5 na gyalen da suke kira dupatta. Wandon Patiyala ne mai ɓarna, saboda tattararsa yana cin mita 4. Wannan lissafi na yadi mai faɗin inci 44 ne. Idan inci 36 ne ki ƙara, idan 60 ne ki rage. A kula, da mita Indiyawa suke awo, mu kuwa a Kantin Kwari da yadi, kuma mita ta fi yadi da inci 3 da ɗoriya. Mita 5 ta kusa yadi biyar da rabi. Na auduga kuma a jiƙa shi kafin a yanka, yana tsukewa. Allah ya sanya alheri.

Tambaya: Na ga wata lehenga, wato dogon siket da 'yar riga na Indiya, a fim, yadi nawa za ta ci?

Amsa: Haba baiwar Allah! Ni na ga fim ɗin, ko na san tsawonki? Siket ɗin kaɗai kan ci mita 4 zuwa 6, ban da shafi. Kai wa tela hoton ya auna ki tukuna.

Tambaya: Wata a Instagram tana sayar da silikin Banaras, kuɗinsa bai kai na turmin Holan ba. In saya wa 'yata na lefe?

Amsa: Hajiya, riƙe kuɗinki. Banarasi na gaske a birnin Baranasi, wato Banaras, ake saƙa shi, a jihar Uttar Pradesh, kuma masaƙi kan shafe makonni a kan sari ɗaya. Ta yaya zai biya kuɗin jirgi da kwastan, ya iso nan a kan wannan farashi? Galibin masu ƙyallin nan roba ce ta inji, irin wadda masaƙun birnin Surat na Indiya ke fitarwa tuli. Roba ba haramun ba ce, a dai sayar da ita da sunanta da kuɗinta. Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda mata ke tura kuɗi a kan hoto, ba su taɓa kayan ba, sai ranar biki a wuni ana zufa. Tun 2004 Indiya ke da tambarin Silk Mark na tantance siliki, ki ce a nuna miki. Ko ki zare zare daga gefe ki kunna masa ashana: na gaske warin ƙonannen gashi yake, tokarsa ta murmushe, roba kuwa narkewa take ta dunƙule. Idan mai kayan ta hana ki zare ɗaya tak, kada ki biya ko kafin alƙalami.