Hannuna ya sage a kan teburin aiki, kamfani na so in ajiye aiki

Tambaya: Barista, ina aiki a wata masana'anta da ke haɗa ƙananan kayan lantarki. Aikina a zaune nake yinsa a kan tebur: ɗaura noti da sukudireba mai aiki da iska, maƙala wayoyi, in tura wa na gaba. Yanzu yatsuna uku na hannun dama suna sagewa, da dare ciwo ya hana ni barci, har kaya na suɓuce mini. Shugaban sashenmu ya ce wannan ba raunin aiki ba ne tunda inji bai yanke ni ba. Ya kawo takardar ajiye aiki, wai in sa hannu a ba ni albashin wata biyu. Ina da wani haƙƙi?

Amsa: Malama, Allah ya ba ki lafiya. Kafin komai, kada ki sa hannu a takardar nan. Ranar da kika sa, kamfani ya sami hujjar cewa da kanki kika tafi, kuma sau da yawa akan cusa wani layi a ciki da ke cewa ba ki da sauran wata buƙata a kansu. Ki ce a ba ki kwafi ki je ki karanta. Babu mai ikon tilasta miki sa hannu nan take.

Maganar shugaban naku ba ta da tushe. Doka ta san rauni iri biyu: wanda ya faru farat ɗaya, da cutar da aiki ya haifar sannu a hankali. Jerin cututtukan aiki da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta sabunta a 2010 ya ambaci matsewar jijiyar wuyan hannu da kumburin jijiyoyin hannu, idan sun samo asali daga maimaita motsi ɗaya da ƙarfi, ko riƙe kayan aiki mai karkarwa, ko lanƙwasa hannu na dogon lokaci. Abin da mai haɗa kaya a tebur ke yi ke nan tun safe har tashi. Sagewar babban yatsa da manuniya da na tsakiya, wadda ke tsananta da dare, ta yi kama da wannan, amma likita ne zai tabbatar, ba ni ba.

A nan ne shari'ar taki za ta tsaya ko ta faɗi, don haka bari in daɗe a kai. Kamfani ba zai musa cewa hannunki na ciwo ba. Abin da zai ce shi ne ba aikinsa ya jawo ba: ciwon sukari ne, ko juna biyu, ko aikin gida, domin duk waɗannan na iya haddasa irin wannan ciwo. Saboda haka idan kin je asibiti, kada ki tsaya ga "hannuna ke ciwo". Ki bayyana wa likita aikin dalla-dalla: awa nawa kike zaune, kaya nawa ake so ki haɗa a awa, wane ƙarfe kike riƙewa, ko ana ba ku hutu, ko ana sauya muku gurbi. Ki roƙe shi ya rubuta wannan a rahotonsa, kuma ki tambaya ko za a yi miki gwajin jijiya. Ki adana takardun albashi da jadawalin aiki. Idan akwai wasu a layinku masu irin wannan ciwo, wannan babbar shaida ce, kuma ita ce kamfanoni suka fi jin tsoro.

Sannan ki sanar da kamfani a rubuce, da kwanan wata, ki riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Faɗa wa shugaban sashe da baki ba ya barin sawu. Wa'adi ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma gajere ne. A Najeriya misali, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da wanda ya ɗauke shi aiki, shi kuma kamfanin ya kai rahoto ga NSITF, hukumar da ke kula da asusun diyyar ma'aikata, cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. Dokar ta haɗa da ma'aikatan wucin gadi, kuma ta hana a sa ma'aikaci ya yafe haƙƙinsa na diyya.

Hanyoyin da ke gabanki uku ne, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Ta farko ita ce asusun diyyar ma'aikata, inda ƙasa ke da shi. Ba sai kin nuna kamfani ya yi sakaci ba, ya isa ki nuna aiki ne sanadi. Yakan ɗauki kuɗin magani da wani kaso na albashin da kika rasa. Ta biyu ita ce ƙara a kotun ma'aikata kan sakaci, wato kamfani ya san haɗarin amma bai gyara tsayin tebur ba, bai sauya kayan aiki ba, bai rage yawan abin da ake nema ba. Diyyar na iya fin ta farko, sai dai tana cin lokaci, kuma nauyin kawo hujja na kanki. A wasu ƙasashe idan kin ɗauki ɗaya kin rufe ƙofar ɗayar, don haka kada ki zaɓa sai lauya ya ga takardunki.

Ta uku ita nake so ki fara gwadawa idan kina son aikinki: ki nemi a mayar da ke gurbi mai sauƙi, kamar duba ingancin kaya, har ki warke. Yarjejeniyar ILO mai lamba 158 ta 1982 ta ce rashin zuwa aiki na ɗan lokaci saboda ciwo ko rauni ba dalilin kora ba ne. Ba kowace ƙasa ce ta amince da ita ba, amma lauya na iya kafa hujja da ita. Neman sauyin gurbi ba ya soke haƙƙinki na diyya.

Idan ta hannun ɗan kwangila aka ɗauke ki, ki aika wasiƙar sanarwar ga su biyun, shi da masana'antar, domin kowannensu zai yi ƙoƙarin tura ki wurin ɗayan. Idan kuma kuna da ƙungiyar ma'aikata, ki tafi da wakilinta duk zaman da za a kira ki.